Hotunan Ɗanliti a Bangon Jami'a

Duk wanda ya tashi tsakanin Faskari da Ƙanƙara har zuwa Sabuwa shekaru talatin da suka wuce, da wuya a ce bai taɓa tsayawa gaban kyamarar Ɗanliti ba. Sunansa na yanka Muhammad, amma ranar Litinin aka haife shi a Tafoki, kakarsa ta kira shi Ɗanliti, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Ubansa manomi ne, shi ma da fartanya ya buɗe ido. Yana ɗan shekara ashirin ya bi motar auduga zuwa Funtuwa cin rani, ya sami masauki kusa da shagon wani mai hoto. Tun yana leƙe daga bakin ƙofa har mai shagon ya ce masa ya shigo ya koya. Bayan rani uku ya dawo gida a kan keke, da tsohuwar kyamara rataye a wuya.

Mutanen garin suka yi masa dariya. Suka ce wa zai nemi a ba shi fuskarsa, alhali da ita aka haife shi? Amma kafin shekara ta zagayo, babu suna ko biki da za a yi ba a aika masa ba. Ranar kasuwa yakan ɗaura labule jikin bango, ya ajiye kujera guda, mutane su yi layi. Akwai maniyyata, akwai 'yan makaranta masu neman fasfo, akwai amare da ake kiransa gida ya ɗauke su gaban jerensu, akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka ce a ɗauke su kafin ta Allah ta kasance. Duk mako biyu yakan kai fim Funtuwa a wanke. Masu hoto su karɓi nasu, baƙin fim ɗin da aka fitar da hoton daga jikinsa, wanda ake ce wa nagatif, ya rage a hannunsa. Da don ta shi ne, da zubarwa zai riƙa yi. Matarsa Suwaibatu ce ta hana, ta ce ba a zuba fuskokin mutane a juji. Ta riƙa naɗe su a takarda tana jerawa cikin akwatin ƙarfen da aka kawo ta da shi, har ya cika, ta fitar da zannuwanta ta maida su ƙarƙashin katifa.

'Ya'ya biyu ne suka rayu a cikin waɗanda suka haifa: Ummu Salma, da ƙanenta Mas'udu. Ummu Salma ta auri wani tela mai suna Salihu, ta tare a Ƙanƙara. Mas'udu ya zauna gida yana noma.

Wayar hannu ce ta kashe sana'ar. Da kowa ya zama mai hoton kansa, Ɗanliti ya rataye kyamarar a ƙusa, ya koma gona tare da ɗansa, bai yi ƙorafi ba. Ana nan sai 'yan bindiga suka fara fitowa daga daji. Tun ana jin labarinsu a ƙauyukan nesa, har suka fara tare hanya, har ya zama in mutum zai tafi gona sai ya yi sallama da iyali kamar mai doguwar tafiya.

Wata Laraba da damina, da hantsi, Ɗanliti yana gida yana gyaran jinkar rumbu ya ji harbi ta wajen fadama. Mas'udu yana can da abokansa huɗu suna maimai, wato noma na biyu. Kafin azahar aka kawo su a amalanke. Ɗanliti da kansa ya yi wa ɗansa wanka, ya sa masa likkafani, ya bi sahu aka yi salla. Jama'a suna ta satar kallonsa, suna jiran ya faɗi su tare shi. Bai faɗi ba. Abin da kawai ya lura da shi a maƙabarta shi ne hasken rana ya yi yawa, da hoto za a ɗauka da fuskokin sun ƙone.

Bayan sadakar bakwai suka bar garin a bayan wata akori-kura. Direban ya ce kowa kaya ɗaya. Suwaibatu ta bar tukwanenta da kwanukan da ta shekara talatin tana tarawa, ta ce a ɗora akwatin ƙarfen. Suka sauka gidan Salihu a Ƙanƙara, aka share musu ɗakin soro. Wata takwas Suwaibatu ta yi a can hawan jini ya kwantar da ita, ranar wata Juma'a ta cika. Nan ma idon Ɗanliti bai yi ko ja ba.

Daga nan rayuwarsa ta koma benci guda a ƙofar shagon surukinsa. Da safe ya fito ya zauna, in aka kira salla ya tashi, in aka kawo abinci ya ci, in aka manta bai tambaya. Masu wucewa sukan ce, "Kai, Malam Ɗanliti akwai tawakkali." Shi ya san ba haka ba ne. Mai tawakkali yana jin nauyin kayan, sannan ya miƙa wa Allah. Shi ya laluba cikinsa bai sami kayan ba. Har ya taɓa tambayar limamin unguwar ko akwai zunubi a kan uban da bai yi kukan ɗansa ba. Liman ya ce babu. Ya ce to, ya koma bencinsa.

Shekara biyu yana haka, sai ga wata mata ta sauko daga mota da la'asar, ta tambayi shagon Salihu tela. Ta durƙusa ta gai da Ɗanliti, ta ce sunanta Zulaihatu, tana koyar da tarihin zane da hoto a wata jami'a can birni, amma mahaifiyarta mutuniyar Sabuwa ce. Ta buɗe jaka ta miƙa masa wani tsohon hoto na wata budurwa a tsaye gaban shuɗin labule. A bayansa akwai tambari da ya kusa gogewa: Ɗanliti Hoto, Tafoki.

"Baba, mahaifiyata ce. Wata huɗu ina neman mai tambarin nan."

Ya dubi hoton, ya juya shi. "Ɗiyar Malam Garba mai kilishi ce," ya ce. "Ranar kasuwa aka ɗauke shi. Ta ƙi cire hannu daga baki sai da ƙawarta ta tsawata mata."

Dakta Zulaihatu ta karɓi hoton ta maida jaka. Can ta tambaye shi ko akwai sauran aikinsa. Ummu Salma ce ta amsa daga cikin soro, ta ce akwai akwatin Inna. Aka jawo shi waje aka buɗe. Baƙuwar ta ɗauki fim ɗaya ta ɗaga wa rana, ta ɗauki wani, ta ɗauki wani, har magariba ta kawo jiki. Ta ce jami'arsu tana da gidan baje kolin zane-zane da hotuna, tana so a wanke wasu a rataye mutane su gani, sauran kuma a adana su a laburaren jami'ar inda zafi da gara ba za su ci su ba.

"Ki tahi da shi," in ji Ɗanliti.

"Baba, ba kyauta nake nema ba. Naka ne. Za mu rubuta takarda cewa ajiya ce, duk ranar da ka so za ka karɓa."

"Mi zan yi da shi? Ki ɗauka."

Duk da haka ta rubuta takardar, Salihu ya karanta masa, ya dangwala hannu. Da aka sa akwatin a mota Ummu Salma ta shige ɗaki tana share hawaye. Shi kuwa ya ga wurin da akwatin yake ya yi fili, sai ya matsar da butarsa can.

Bayan wata tara aka aiko musu da mota ranar buɗe bajen. Ummu Salma ta goge masa babbar rigarsa, Salihu ya ara masa hula, suka kama hanya su biyu, uba da 'ya. Tafiyar awa uku ce. Tunda suka fita Ƙanƙara take nuna masa abubuwa ta taga, yana cewa uhm.

Ɗakin bajen dogo ne, bangonsa fari tas, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Hotunan da ya saba bayarwa kamar tafin hannu, ga su nan an faɗaɗa su, wasu sun kai ƙyauren ɗaki. Manyan mutane suka yi jawabi da Turanci, aka ambaci sunansa, aka yi tafi, Ummu Salma ta taɓa shi ya miƙe ya sake zama. Wani malami ya riƙe hannunsa ya daɗe yana yi masa bayanin yadda ya iya sarrafa haske da inuwa. Ɗanliti ya ce masa bangon kasuwar ne yake kallon gabas, ba shi da wani wurin da zai ɗaura labule.

Da mutane suka watsu cikin ɗakin ya bi bango a hankali, hannuwansa a baya. Yana kallon aikinsa kamar mai duba gonar wani. A wannan hoton kyamarar ta karkace. A wancan an yanke wa mutum ƙafa. A ƙarƙashin kowane hoto akwai 'yar takarda da rubutu, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Ya tsaya gaban wata tsohuwa da ƙwaryar daddawa a ka, ya ce wa 'yarsa ta karanta masa, don idonsa ya yi rauni.

"An rubuta: Wata mata a kasuwa. Ba a san sunanta ba."

"Wa ya ce ba a san sunanta ba? Hajaratu ce, matar Sarkin Fawa. Kowa ya san Hajaratu."

Wata mata mai tabarau da ke tsaye bayansu ta matso ta gaishe shi. Ta ce sunanta Alheri, ita ce mai kula da sashen ajiyar tsofaffin takardu da hotuna a laburare, kuma a hannunta akwatinsa yake. Ta nuna hoton da ke gefe ta ce, "Wannan fa, Baba?" Ya faɗa mata. Ta nuna na gaba, ya faɗa, da sunan uba da na ƙauye. Ta zaro biro ta fara rubutu a bayan takardar gayyata. Sai da suka zagaye ɗakin kaf, hoto sittin da huɗu, uku kawai ya ce sun ɓace masa.

Suna gab da ƙofa suka tarar da wata budurwa a tsaye gaban hoton wani mutum mai faɗin kafaɗa, zaune a kujera, ya ɗora hannun hagu a gwiwa. Ba ta motsi. Da ta ji an ce ga mai hoton nan, ta juyo ta durƙusa har ƙasa. Ta ce sunanta Nana, ɗaliba ce a nan, daga 'Yargoje take, kuma wannan babanta ne. An kashe shi tana aji biyar na firamare, aka ƙone gidan, ko fasfonsa ba su fita da shi ba. Ta shigo ne don malaminsu ya ce kowa ya zo.

"Na fara manta kamanninsa, Baba. Wallahi na fara mantawa."

Ɗanliti ya dubi hoton. "Muslim ne, ɗan Alhaji Tanko. Kin ga agogon nan? Ba nashi ba ne. Na wani mai tireda ne ya ara, shi ya sa ya turo hannun gaba don a gani. Sai da na ce mishi, Muslim, kai zan ɗauka ko agogo?"

Yarinyar ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, Ummu Salma ta rungume ta. Ɗanliti yana tsaye ya ji wani abu ya ɗan tsikare shi a ƙirji, kamar yadda ƙafar da aka daɗe zaune a kanta take yi in jini ya fara komawa. Ya tsaya ya ji ko zai ƙaru. Bai ƙaru ba. Kafin su kai mota ya ɓace.

Washegari Malama Alheri ta kai su laburare, ta bi da su ta bayan ɗakunan karatu zuwa wani ƙaramin ɗaki marar taga. Finafinansa suna nan a jere cikin kwalaye masu lamba, kowanne a cikin rigarsa, ba a taɓa su sai da safar hannu. An kwashe hotunan duka an zuba a kwamfuta, sun haura dubu tara. Akwatin Suwaibatu yana gefe a goge, babu komai a ciki.

"Baba, hoton da ba suna rabin ajiya ne," in ji ta. "Kai kaɗai ka san mutanen nan. In za ka iya, ko kwana biyu ne a wata, ka zo ka faɗa mini ina rubutawa."

Ya dubi Ummu Salma. Ta ce, "Ka zo mana, Baba. Zaman benci ya isa haka."

Ya ce to.

Haka aka fara. Duk farkon wata ya shiga motar haya, a sauke shi a masaukin baƙi na jami'a, da safe ya zauna gefen Malama Alheri gaban kwamfuta, ta kunna rakoda. Hoto ya fito, ya faɗi suna, da gari, da abin da ya sani. Wannan tana Kano wajen ɗanta. Wannan ciwon ciki ya kashe shi tun zamanin lafiya. Wannan an ɗauke shi a hanyar Faskari, ba a sake jin labarinsa ba. Waɗannan su shida da ke tsaye bayan ango, biyu suka rage. Wannan ƙauyen babu kowa a cikinsa yanzu, ciyawa ta cinye masallacin. Da murya ɗaya yake faɗin duka, ba ta hawa ba ta sauka. Wani lokaci Malama Alheri takan cire tabarau ta ce, "Baba, bari in sha ruwa," ta fita ta daɗe. Shi ya zauna yana jiranta, hannuwansa a cinya.

A zuwa na huɗu Ummu Salma ta rako shi, don tana son ganin likitan ido a birni. Tana zaune a kujerar baya aka kai wani kwali na shekarun ƙarshe na sana'arsa. Hoton wani saurayi ya fito, tsaye cikin gonar dawa da ta fi shi tsawo, yana dariya, ya saɓa fartanya a kafaɗa.

"Mas'udu Muhammad, Tafoki," in ji Ɗanliti. "An harbe shi a gona, shekara uku da damina. Ya bar mata da ɗiya guda, suna Sabuwa. Kawo na gaba."

Malama Alheri ta rubuta. Sai da ta ji ƙofa ta buɗe, ta waiwaya ta ga Ummu Salma ta fita da mayafi a fuska, sannan ta sake duba sunan uban da ta rubuta. Hannunta ya tsaya.

"Baba... ɗanka ne?"

"Shi ne."

"Mu tsaya nan yau."

"Don mi? Da sauran rana."

Ba ta matsa gaba ba. Suka zauna su biyu suna kallon saurayin. Can Ɗanliti ya ce, "Fim ɗin saura guda ɗaya ya rage, na ce bari in ƙarasa shi a kansa kada ya lalace." Sannan ya ƙara, "Dawar ta yi kyau a shekarar." Ta tambaye shi ko yana so a wanke masa kwafi. Ya ce a wanke biyu, ɗaya wa Ummu Salma, ɗaya a aika wa yarinyar a Sabuwa in ta yi wayo. Shi kansa bai ce a wanke masa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Labari ya bazu a Ƙanƙara cewa hotunan Ɗanliti ba su ɓace ba, suna jami'a. Garin cike yake da waɗanda suka baro ƙauyukansu, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Suka fara zuwa bencin ɗaya bayan ɗaya. Mace ta zo ta ce ko ya taɓa ɗaukar mijinta, namiji ya zo neman uwarsa. Ya tambayi suna da gari da kimanin shekara, Salihu ya rubuta a waya ya tura wa Malama Alheri. In an samu, ta wanke ta ba direban da ke zuwa Ƙanƙara. In ba a samu ba, Ɗanliti ya faɗa wa mai nema kai tsaye cewa babu. Wasu sukan karɓi hoton su yi ta kuka a nan bakin shago, ya bar su su gama, ya ce Allah ya jiƙan rai. Har yau bai koma Tafoki ba, bai kuma ce zai koma ba.

Ranar wata Talata bayan azahar wani dattijon Bafulatani ya tsaya nesa da shagon, da sanda amma ba garke. Masu zaman hira suka yi tsit, wani ya tashi ya bar wurin. Mutumin ya yi sallama sau biyu kafin a amsa. Ya ce shi daga wajen Faskari yake, shanunsa an kore su, ƙanensa an kashe shi a kansu, yanzu gadi yake a wani gidan mai. Ya ji an ce akwai mai hoto a nan.

Ɗanliti ya matsa gefen benci. "Zauna. Mi sunan ƙanen naka?"

"Ja'e. Ja'e na Arɗo Buba."

"Mai tabo a gira?"

Mutumin ya ɗago kai. "Shi."

"Na ɗauke shi sau biyu. Ɗaya shi kaɗai, ɗaya da wani farin bijimi da ya ƙi tsayawa, sai da muka ɓata fim uku. Wanne kake so?"

Dattijon ya daɗe yana murza sandarsa. "In da hali, na bijimin."

Ɗanliti ya juya wajen ƙofar shago. "Salihu, rubuta. Ja'e na Arɗo Buba, kasuwar Faskari, da bijimi." Sannan ya ce wa baƙon, "Ka dawo nan da sati biyu. In mota ba ta yi latti ba, za ka same shi."